Kawu Tanko da Tubabbun Tulunansa

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Kawu Tanko abin sha a garin Makkan nan ya san abin da zai biyo baya. Ba zai kai baki ba sai ya shinshina, kuma ba abin da ke ciki ne ya dame shi ba, mazubin kansa yake bincika. Zai ɗaga kofin ya juya shi, ya ƙwanƙwasa gindinsa da farce, ya kara a kunne, sannan ya cusa hanci ya lumshe ido. Ranar ɗaurin aurena ma bai ɗaga mini ƙafa ba. Butar gahawar da surukaina ke taƙama da ita, wai gadon kakanni ce, ita ya jawo a gaban jama'a, ya yi mata wannan binciken, ya ajiye, ya gaya wa mai gida cewa sabuwa ce, baƙi kawai aka shafa mata. Ni ango ina zaune cikin farar riga ina ta zufa.

Ku da kuka zauna makokinsa kun ji an yi ta ambaton ibadarsa da zumuncinsa, kuma duk gaskiya ne. Amma na lura ba wanda ya ambaci tulunan. Kowa sai ya zo dab da su ya kauce, ya ce Allah ya jiƙansa. To ni Habibu zan ambace su, don ni suka fi wahalarwa, kuma yanzu haka da nake wannan magana suna falona.

Ga wanda bai san shi ba, Kawu wan mahaifiyata ne. Yana yaro suka taso daga ƙasar Kano da ƙafa, ta Chadi, ta Sudan, suka yi shekaru a hanya kafin su tsallako teku. Ya tsufa yana sayar da turare da carbi a wani ɗan shago a unguwar Utaibiyya. Mutum ne da ko lemon da ya kwana a buɗe ba ya sha. Amma abin da ya zaɓa ya tara a duniya shi ne tsofaffin tulunan argi, wato giyar dabinon nan da ake dafawa a ɓoye a Sudan da Chadi. A Makka fa, jama'a! Wasu na tara tsofaffin carbuna, wasu takubba, nawa kawun tulunan giya.

Kowace shekara in alhazai sun cika gari, sai ya rufe shago ya bi masaukan mutanen Sudan da na Chadi a Aziziyya, yana gaisuwa yana cigiya. Wanda ya ce akwai irinsu a bayan ɗakin kakarsa, Kawu ba zai sake shi ba sai ya yi alkawarin aiko da shi ta hannun mai zuwa Umra. Haka suke isowa ɗaya bayan ɗaya, busassu ƙayau, a naɗe cikin tsohon zani, 'yan ƙanana masu siririn wuya. Shi kuma ya zauna a tabarma ya yanke musu hukunci.

Kashi uku ya raba tulunan duniya. Akwai salihi, wanda ruwa kaɗai ya taɓa ɗauka, wannan ko kyauta ba ya so, sai ya ce a mayar da bawan Allah ya ci gaba da ibadarsa. Akwai munafuki, sabon tulu da aka shafa wa toka da ganyen shayi don ya yi kama da tsoho. Sai mai zunubi, wanda argi ya ratsa yumɓunsa shekara da shekaru, har in ka hura numfashi mai ɗumi a ciki warin zai taso. Wannan shi ne mai daraja. In Kawu ya samu irinsa, fuskarsa har haske take yi, ya rungume shi yana cewa, "Ka iso gida, ka huta."

Daga nan sai a tubar da shi. Zai wanke shi da ƙasa da ruwa har hannunsa ya yi fari, ya shanya, sannan ya kai wa mai gasa burodin tamis na bakin layinsu, ya roƙe shi ya saka masa a tanda bayan an gama gashin safe. Wai gara ya sha wutarsa tun a duniya. Mai tamis ɗin bai taɓa tambayar ko tulun mene ne ba, sai da wata rana wani sabon zuwa mai zunubi da yawa ya cika shagon da wani irin ƙamshi. Mutanen unguwa suka yi ta yaba tamis ɗin wannan makon, har da limamin layi. In tulu ya fito daga wuta, sai a cika shi da ruwa a jera shi a kanta tare da 'yan'uwansa, kuma daga cikinsu Kawu yake sha.

Abu ɗaya ne ke hana shi barci, kuma bai taɓa ɓoye shi ba: ranar da ya mutu za a kwashe su a zuba a bola. Yana da dalili. Ɗansa Majid, wanda Hausarsa ba ta wuce "ina kwana" da "na ƙoshi" ba, ya sha faɗa masa da Larabci cewa wannan tarkace ne, kuma abin kunya ne. Saboda haka Kawu ya shiga neman magaji, ya duba dangi kaf, idonsa ya sauka a kaina. Da na tambaye shi laifin me na yi, sai ya ce hancina ya duba, Allah ba zai ba mutum hanci irin wannan a banza ba.

Ku kun san ni. Ni ne mai kula da benen alhazai guda a Aziziyya, ina da ma'aikata a ƙarƙashina, rigata kullum a goge, biro biyu a aljihu. Ina ni ina tulun giya? Amma ina da wani ciwo, ba na iya cewa ban sani ba. Ranar da ya ce zai gwada ni, maimakon in gudu, sai na gyara zama. Ya ɗaure mini ido da rawaninsa, ya miƙo mini wani mazubi. Na ƙwanƙwasa yadda na ga yana yi, na hura, na shaƙa. Wari ya bugi ƙwaƙwalwata. Na yi gyaran murya na ba da fatawa: wannan mai zunubi ne na gaske, daga yammacin Sudan, kuma daga jin ƙarfinsa ba dabino kaɗai ba ne, an haɗa da gero. Har na ƙara da cewa ya girmi Majid.

Kawu ya kwance mini ido a hankali. Ya ce, "Madalla. Yanzu mayar wa matata tukunyar daddawarta, tana jira za ta kaɗa miya."

Wani mai hankali da ya haƙura daga nan. Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni, na ce sai na nuna wa tsohon nan ni ma ɗan gado ne. Wata Juma'a na tafi haraj, kasuwar gwanjon tsofaffin kaya, na yi ta zagaye ina ƙwanƙwasa tukwanen mutane. Wani mai rumfa ya ƙare mini kallo daga biro har takalmi, ya yafuto ni, ya rage murya, ya ce yana da wani abu a ƙarƙashin tebur da ba kowa yake nuna wa ba, sai masana irina. Wallahi kalmar masanan nan ita ta kashe ni. Ya fito da wani tulu baƙi ƙirin, ya rantse daga Sudan ya zo a jirgin ruwa. Ban ko yi ciniki ba, don kada ya ga kamar ban san darajar kaya ba. Na zaunar da shi a kujerar gaba, na ɗaura masa bel, na tuƙa mota a hankali har Utaibiyya, ana ta yi mini oda a baya.

Kawu bai ko shinshina shi ba. Ya ce in zauna in riƙe shi a cinya, ya ɗauko buta ya tsiyaya ruwa a ciki. Kafin in ce wani abu na ji sanyi yana bin ƙafata. Ashe tukunyar shuka fure ce, irin mai huda a gindi, aka toshe hudar da sabulu aka shafe da baƙin tukunya. Na tashi da riga jiƙe, ga baƙi, ga kumfa. Na ce bari in je in fasa shi a kan mai rumfar. Kawu ya hana, ya karɓe shi, ya ba shi wuri a ƙarshen kanta, ya raɗa masa suna Habibu. Tun daga ranar duk baƙon da ya shigo sai an gabatar masa: "Wannan kuma Habibu ne. Ga kyau daga waje, amma ba ya riƙe komai."

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne na neman auren 'yata Samira. Da yake Kawu ne babban da ya rage mana, a gidansa za a karɓi masu nema. Uban yaron kuwa Malam Harisu ne, kun san shi, mutumin da ko hoton da ke jikin rigar yara sai ya sa an kankare. Na roƙi Kawu ya bari in rufe kantar da zanin gado na yini ɗaya tak. Ya ce in rufe, su ba sa jin kunya, ni ke ji. Ya tafi sallar la'asar ya daɗe bai dawo ba, baƙi suka riga shi isowa.

Ana cikin gaisawa iskar fanka ta ɗage gefen zanin. Malam Harisu ya leƙa ya tambaya. Nan bakina ya buɗe da kansa. Na ce ai tulunan kakata ne, Iya Mai Sabil, wadda tsofaffin Utaibiyya suka sani, matar da ta yi ta shayar da alhazai ruwa kyauta har bayanta ya ranƙwafa. Wannan ɓangaren gaskiya ne, kuma duk danginmu da shi muke taƙama. Sai na ɗora da cewa da waɗannan tulunan take ɗebo Zamzam. Malam Harisu ya yi kabbara, ya miƙe, ya ɗauki mafi tsufa da hannu biyu, ya shafa a kai, ya shafa a ido, ya kafa baki.

Daidai nan Kawu ya yi sallama. Ya dubi Malam, ya dube ni, na ga ya gane komai. Na yi masa ido, na yi masa gira, har da kafaɗa. Ya cire takalmi a natse ya ce, "Sha ka ƙoshi, Malam, ruwan famfo ne. Tulun kuma a ƙuruciyarsa argi ya ɗauka, mai ƙarfin gaske."

Malam Harisu ya tsaya da kumatu cike, ya kasa haɗiyewa, ya kasa tofarwa a kan dardumar mutane.

Kawu ya ce, "Haɗiye. An wanke shi, ya shiga wuta, ya tuba tun ba a haifi ɗanka ba. Wanda ya halicce mu yana karɓar tuba, kai ne ba za ka karɓi ruwa ba?"

Malam ya haɗiye, muka ji ƙarar wucewarsa. An yi auren, alhamdu lillahi, ga jikoki nan. Amma har gobe in Malam Harisu zai zo gidana da gorar ruwansa yake zuwa, kuma duk labarin da na bayar, ko na farashin tumatir ne, sai ya tambaya ko akwai wani shaida.

Ranar na rantse ba ni ba tulunan nan. Matata Rakiya ta rantse rantsuwar da ta fi tawa, ta ce in tulu ɗaya ya hau benenmu na Ka'akiyya, ita za ta sauka. Kawu ya ci gaba da kirana magaji a gaban mutane, ni kuma ina yin kamar da wani yake.

Haka muka yi ta ja har bara, lokacin da mai gidan da Kawu ya yi shekara da shekaru yana haya ya sayar, za a rushe a gina bene. Kawu ƙafafu sun kumbura, ko masallaci sai an riƙe shi. Majid ya shirya masa ɗaki a gidansa, ɗaki mai kyau, amma ya ce gado da akwati kaɗai zai ɗauka, sauran kaya ya riga ya yi magana da masu kwasar shara. Ba mugunta ba ce, yaron yana son ubansa, tulunan ne bai ga dalilinsu ba. Ni ma ban gani ba.

Kawu ya aika in zo. Na tafi da jawabina a shirye, na yi ta maimaita shi a mota: gida ƙarami, hawa na uku, ba lif, ga Rakiya. Na same shi zaune a ƙasa ya jingina da bango, yana fuskantar kantar. Bai yi mini tsiya ba, bai kira ni magaji ba, abin da ya fara ba ni tsoro ke nan. Ya ce in zauna, ya tambaye ni ko na san sana'ar Iya kafin ta zama Mai Sabil. Na buɗe baki zan ba da amsa kamar kullum, sai na ji ba ni da ita. Na ce ban sani ba.

Ya ce maginiyar tukwane ce tun daga gida. Mahaifinsu ya rasu a wani gari a bakin kogi cikin Sudan, ya bar ta da shi yana yaro, da mahaifiyata a goye. Ba dangi, ba gona. Ta gina randuna, ba mai saye, don randa ɗaya sai ta shekara goma a gida. Masu saye kullum su ne matan da ke dafa argi, saboda duk sanda aka kai musu samame farfasa tulunan ake yi, washegari su dawo neman sababbi. Ta ƙi, ta ƙi, har ranar da nononta ya ƙafe don yunwa. Sai ta zauna ta fara gina musu, tana murza wuyan tulu tana istigfari, hawaye na sauka a yumɓun. Da wannan suka ci, da wannan suka shiga jirgi. Tun da ta taka ƙasar Makka ba ta sake taɓa yumɓu ba, ta ɗauki ruwa ta yi ta shayarwa. Amma hankalinta bai taɓa kwanciya ba. Har a ciwon ajalinta tana gaya masa cewa tulunan da ta gina suna can suna aiki, kuma duk wanda aka tsiyaya daga ciki da sunanta ake rubutawa.

Ya ce, "Malamai sun gaya mata tuba na shafe komai, ta ji, amma zuciyarta ba ta ji ba. Shi ne na ce mata ta kwanta, ni zan bi su in karɓo su ɗaya bayan ɗaya, in sauke su daga aiki."

Na dubi kantar nan da na yi shekaru ina jin kunyarta. Na tambaye shi waɗanne ne nata a ciki.

Ya ce, "Ba ta sa alama, kunya take ji. Na yi ta dubawa ko zan gane hannunta, ban gane ba. Wataƙila duka, wataƙila babu ko ɗaya. Shi ya sa ba na iya yar da ko guda, Habibu. In aka zuba su a bola, ban sani ba ko hannun uwata aka zubar."

Jama'a, na yi kuka. Ni da biro biyu, na zauna a tabarmar Kawu na yi kuka kamar yaron da aka yaye. Kunya ta kama ni, tausayin matar nan ya kama ni, don ni na san ta tsohuwa mai ba mu dabino, ban taɓa tunanin abin da ta haɗiye kafin mu zama 'yan Makka masu guga ba. Jawabin da na shirya ko kalma ɗaya ban tuna ba. Ya ce in ya mutu in faɗa wa dangi, don a daina taƙama da rabin labarinta, a yi mata addu'a a kan dukkansa.

Washegari na ɗauko motar kaya. Ni na naɗe su da hannuna, ni na hau da su, ina haki ina tsayawa a kowane hawa, maƙwabta na leƙe. Rakiya ta tare ƙofa, mayafi a kafaɗa, jaka a hannu, ta cika alkawari za ta sauka. Na ajiye kwalin na gaya mata abin da Kawu ya gaya mini, a tsaye, a bakin ƙofa. Ta ajiye jakar, ta shiga falo, ta buɗe kabad ɗin gilashin da ko ni ba a bari in taɓa, ta fara sauke tangaran ɗin aurenta tana jerawa a ƙasa. Da na miƙa mata tulun farko sai ta daka mini tsawa, wai haka ake riƙe abu a wuya kamar kaza, in tallafo shi ta gindi.

Kafin ya rasu mun hau da shi sau ɗaya a kan kujera, ni da Majid, wanda shi ma ya ji labarin a bakin ubansa da Larabci ya fita waje ya daɗe. Kawu ya zauna gaban kabad ɗin ya bi su da kallo tun daga sama har ƙasa. Ya ce wa Rakiya Allah ya yi mata albarka. Ni kuma ya ce na jera su ba daidai ba. Bayan haka bai ƙara tambayar su ba, kuma Majid ya ce tun daga ranar barcinsa ya daidaita.

Ya Allah, ga bawanka Tanko ya zo maka. Ya ɗauki nauyin uwarsa tun yana yaro, bai sauke ba sai da ƙafafunsa suka gaza. Ka sauke masa nasa. Ka gafarta wa Iya abin da yunwa ta sa hannunta ya gina, ka duba ruwan da ta shayar da baƙinka. Ka haɗa su a inda ba tsoro, ka shayar da su da hannun rahamarka. Amin.